Jita Ɗaya, Mu Uku

Kuɗin mai son fara koyon jita ba sa sayen jita sau biyu. Mai hali in ya sayi wadda ba ta yi masa ba, sai ya jingine ta a bango ya nemo wata. Irinmu kuwa, in sayen farko ya ɓaci, yawanci a nan koyon yake ƙarewa, sai dai a riƙa ba da labarin cewa an taɓa sha'awa. Mu uku ne muka yi karo-karo na tsawon wata bakwai don mu mallaki jitar lantarki guda ɗaya: tela, mai gyaran wayar salula, da malamin firamare. Babu wanda ya gaji kiɗa a cikinmu, babu kuma wanda a gidansu aka yi murna da jin wannan shawara. Saboda haka mun san tun farko cewa in kuɗin nan suka salwanta, ba mu da bakin da za mu sake tayar da maganar.

Kiɗan Agadez ne ya ja mu. Duk wanda ya saurari Bombino ko Mdou Moctar ya san wannan amon mai kaifi da ke zagayawa yana dawowa, ba ya gundura. Abin da ya ƙara kusanto mana da shi, Mdou Moctar a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, kuma waƙoƙin sun bazu ne daga waya zuwa waya ta katin ajiya, kamar yadda muke tura wa juna waƙoƙin finafinai. Bombino ya kai ga shiga jerin 'yan takarar kyautar Grammy a 2019, Tinariwen na Mali sun ma ci ta a 2012. Ga mutanen da muke haɗuwa da 'yan uwansu a tasha da kasuwa sun ɗauki kayan kiɗan da aka ƙera a Amurka sun sa shi ya yi yarensu. Muka ce to mu ma bari mu taɓa mu ji.

Akwai labarin da duk mai neman jita a wannan yanki zai sha ji. Mdou Moctar da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, saboda gidansu ba su yarda da kiɗa ba. Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa Tinariwen, shi ma da gwangwani da sanda da wayar birki ya fara. Labarin gaskiya ne, amma masu shago sun iya amfani da shi. Da ka nuna aibin kayansu, sai su ce ai su wane da gwangwani suka fara. Abin da ba a faɗa shi ne, jitar gwangwani ba ta ci kuɗin wata bakwai ba, kuma mutanen nan suna samun ta ƙwarai suka karɓa hannu biyu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wanda ya biya kuɗin tulu yana da haƙƙin ya duba gindinsa.

Shawarar farko da muka ƙi ɗauka ita ce wai mu fara da jitar akwati, wadda ba ta buƙatar wuta, in hannu ya faɗa sai mu koma ta lantarki. Kusan kowa haka ya ce mana. Ga mai son kiɗan jitar akwati, shawara ce mai kyau. Amma tsirkiyoyin ta lantarki sun fi sirantaka da laushi, wuyanta ya fi daɗin riƙo, kuma ɗan koyo ya fi saurin fitar da sauti mai tsafta a kanta kafin yatsunsa su yi kanta. Sannan ga wani sirri da sai mai zaman gidan haya zai gane: jitar lantarki in ba a jona ta ba, muryarta ba ta wuce ɗaki. Kana iya yin atisaye ƙarfe ɗayan dare, na ɗakin kusa bai sani ba. Ta akwati kuwa, kana taɓa ta gidan duka ya ji.

Sai rabon kuɗi. Jitar lantarki ita kaɗai rabin kaya ce. Dole a samu amfilifaya, da kebul ɗin da ke haɗa su, da jaka, da madauri, da tsirkiyoyi na ajiya, da ladan mai gyara wanda zai saita ta bayan an saya. Mu kashi uku muka raba abin da muka tara: biyu na jita, ɗaya na sauran. Mun ga wani saurayi a unguwarmu da ya zuba kuɗinsa kaf a kan jita mai ƙyalli, ta yi wata huɗu a rataye babu abin da za a jona ta, daga baya ya sayar da ita da faɗuwa.

Game da suna, ga ɗan abin da ya kamata mutum ya riƙe kafin ya shiga kasuwa. Yawancin jitocin da ke shaguna kwaikwayon siffa uku ne. Kamfanin Fender ya fito da Telecaster a farkon shekarun 1950, sannan Stratocaster a 1954, Gibson kuma ya fito da Les Paul a 1952. Na asali daga Amurka kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗan koyo nesa ba kusa ba. Amma kamfanonin biyu suna da 'ya'ya masu sauƙin farashi: Fender yana fitar da jitocin Squier tun 1982, Epiphone kuma yana ƙarƙashin Gibson tun 1957. Yamaha na Japan yana da jerin Pacifica, wanda malaman jita da yawa ke nuna wa masu farawa. Waɗannan a Chana ko Indunusiya ake haɗa yawancinsu, kuma ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne jabu: jitar da aka manna wa sunan babban kamfanin Amurka, ana sayar da ita a kuɗin da ko akwatin ta gaskiya ba zai saya ba. Wanda ya yi ƙarya a kan suna, ba ka san inda kuma ya yi ta ba, ko a katako ko a wayoyin ciki.

Mun fi karkata ga siffar Stratocaster, kuma ba don Mdou Moctar yana riƙe da farar irinta kaɗai ba. Leo Fender mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kaɗa jita ba, shi ya sa ya ƙera ta da tunanin mai gyara. Wuyan da kusoshi huɗu aka ɗaure shi a jiki. In ya lalace, a kwance a sa wani. Kayan wutar duk suna kan faranti ɗaya da ake ɗagawa. Na Les Paul kuwa da gam aka haɗe wuya da jiki, kanta a lanƙwashe yake baya, in ta faɗi a nan ta fi karyewa, ga nauyi da yakan kai kilo 4 ko ya wuce. Jitar da za ta riƙa yawo tsakanin gidaje uku a bayan babur gara ta zama mai jure wahala. Mai gyaran wayarmu yana jin tarihin Leo Fender ya ce magana ta ƙare, na gida ne.

Babban arzikin da muka yi shi ne samun wani dattijo da ya shafe shekaru yana kaɗa jita a otel-otel tun zamanin da ake rawa da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Yanzu ya daina, yana gyaran fanka da rediyo. Muka roƙe shi ya raka mu Sabon Gari a Kano, inda ake samun shagunan kayan kiɗa da majami'u suka fi yi wa ciniki. Kafin mu shiga ya ce, "Samari, ku bar ido a waje, ku shiga da hannu." Muka ce, "To, Baba." Ba mu gane ba sai da muka ga aikinsa.

Ko kallon launi bai yi ba. Yana karɓar jita sai ya ɗora gindinta a ƙafarsa, ya kanne ido ɗaya ya leƙa tsawon wuyan daga sama, kamar kafinta mai duba katako. Abin da yake nema shi ne murɗewa. Tsirkiyoyi shida suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai kusan kilo 45 dare da rana, don haka aka sa sandar ƙarfe a cikinsa wadda ake ɗaurewa ko a sassauta. In wuya ya ɗan lanƙwasa gaba ko baya, wannan sandar za ta gyara shi. In kuwa ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, babu magani. Jita biyu ya mayar a kan wannan kawai, ɗaya ma sabuwa fil a leda.

Daga nan sai ya ce mu ba shi katunan ATM ɗinmu. Mai shago ya washe baki, ya zaci biya za a yi. Baba ya haɗa kati biyu ya zura tsakanin tsirkiya da ƙarfen gaɓa ta 12, wato ƙananan ƙarafan nan da aka jera a kwance a kan wuya. Kaurin katin bai kai milimita ɗaya ba, kuma tsayin da ake so a wurin kusan milimita 2 ne. In kati biyu ko uku suka cike gurbin, lafiya lau. In huɗu suka shige har da sauran fili, tsirkiyar ta yi sama da yawa. Wannan ɗan tazarar, 'yan uwa, ita ce ke kashe wa mutane da yawa sha'awa. Ɗan koyo zai yi ta dannawa, yatsu na zafi, sautin na fita a daƙile, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da baiwa, alhali jitar ce ko gwani ya riƙa sai ya yi gumi. Bai da yadda zai sani, tunda bai taɓa riƙe wata ba. Sau da yawa ana iya sauke tsirkiyar daga jaki, wato ƙarfen da take hawa a kai can ƙasa, kamar dai jakin garaya ko na goge. Amma in an sauke jakin har ƙasa kuma tsirkiya tana nan a sama, a ajiye jitar.

Sai ya bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, yana danna kowace gaɓa daga sama har ƙasa, yana sauraron inda za ta yi zizar ƙarfe ko ta mutu. Aikin ya ɗauki lokaci, mai shago har ya fara tsaki. Ya shafa yatsa a gefen wuya ya ji ko bakin ƙarafan na yanka. Ya murɗa kunnuwan saiti shida, ya ga ko akwai mai sakwarkwacewa. Sannan muka buɗe manhajar saita tsirkiya a waya, irin ta kyauta, ya buga tsirkiya a sake, ya kuma danna ta a gaɓa ta 12. Gaɓar nan ita ce rabin tsawon tsirkiya daidai, don haka dole allurar manhajar ta nuna harafi ɗaya a duka biyun. Ƙaramin bambanci ana gyara shi da sukundireba a jaki. Babba yana nufin tun wurin ƙira aka yi kuskuren awo, kuma jitar ba za ta taɓa yin daidai da kanta ba, komai saitin da aka yi mata.

Sai da ta wuce duk wannan ya yarda a jona ta. A nan ma ba kiɗa ya fara yi ba. Ya girgiza kebul a bakin ramin ya ji ko sautin zai yanke, ya juya maɓallan ƙara ya ji ko za su yi ƙarar yashi, ya tura ɗan makunnin da ke zaɓar murya zuwa kowane matsayi. Ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai abin da ake kira fikof: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kansa, sai ya haifar da 'yar ƙaramar wuta, ita ce amfilifaya ke ƙarawa ta zama sauti. Iri biyu ne. Mai naɗi ɗaya, siriri, shi ke ba da wannan amon mai haske na Agadez, amma yana kwaso ƙugin wutar gida. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙirƙiro wa Gibson a shekarun 1950, yana kashe ƙugin, muryarsa kuma ta fi kauri. Ɗan koyo kada wannan ya hana shi barci. Akwai jitoci masu sauƙin kuɗi da ke ɗauke da duka biyun, kuma a watannin farko ba fikof ne zai hana kiɗanka daɗi ba.

Abu ɗaya da Baba ya hana mu kai tsaye shi ne jita mai jakin nan da ke lilo, mai ƙananan makullai a sama da ƙasa, irin ta masu kiɗan ƙarfe na Turai. Kyau kam tana da shi. Amma in tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar duk sun fita saiti, kuma canza ta aikin yini ne ga wanda bai saba ba.

A ƙarshe ta hannu muka ɗauka, kwancen waje, mai siffar Stratocaster, ƙirar Indunusiya. Baƙa ce, fentin ya ɗaye a gefe, bayanta duk ƙarzunan bel ɗin wani da ba mu sani ba. Telanmu ransa bai so ba, don tun shigarmu idonsa na kan wata ja mai walƙiya. Baba ya ce masa, "Ɗana, tabon nan alama ce an kaɗa ta. Wadda ba ta kaɗuwa ba ta samun tabo." Ya taya, mai shago ya ce albarka, muka yi kamar za mu fita, aka kira mu. Tabon da kansa ya rage mana kuɗin da ya sayi jaka.

Maganar amfilifaya ta fi ta jita haɗari, kuma ba a cika yin ta ba. Ƙarama mai ƙarfin wat 10 ko 15 ta ishi ɗaki har ta yi yawa. A nemi mai ramin abin sawa a kunne. Sannan a juya bayanta a karanta rubutun da ke kusa da wayar wuta. Wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 zuwa 230, ta Amurka kuwa 120 ce. Kwancen da ya fito daga can, in ba a haɗa shi da na'urar rage ƙarfin wuta ba, jonawa ɗaya zai yi hayaƙi. Mai gyaran wayarmu ya ga irin wannan gawa ba sau ɗaya ba a teburinsa. Na biyu, filogi mai ƙafa uku ba ado ba ne. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin kebul, don haka in wuta ta zame a ciki kuma babu wayar ƙasa, ta hannun mai kaɗawa za ta bi. Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds a Ingila, haka ya rasu a gidansa a 1976. Mu da muke jona kaya a janareta da wayoyin da aka ɗaure da leda, mun fi kowa buƙatar jin wannan. In ka ji tsirkiya tana ɗan cizonka, zare filogi, kada ka ce za ka jure.

Mu dai 'yar ƙarama mai aiki da batir muka saya. Sautinta ba zai cika fili ba, amma ba ta jiran a kawo wuta, ba ta ƙugi, ba ta cizo.

Saura matsalar da ta kusa raba mu. Malaminmu bahago ne. Jitar hagu tana da wuyar samu a nan, in an samu ma ta fi tsada, kuma ko an saya mu biyu ba za mu iya amfani da ita ba. Ya kawo hujja da Mdou Moctar, wanda bahago ne, da Jimi Hendrix, wanda ya kifa jitar dama ya sake jera tsirkiyoyinta. Muka kawo masa Mark Knopfler na Dire Straits, bahago da ke kaɗawa da dama. Gaskiyar magana, wanda bai taɓa riƙe jita ba hannayensa biyu duk baƙi ne a kanta, kuma hannun hagu ne ke aikin danna gaɓoɓi, wanda shi ya fi wahala a farko. Amma ba mu ce wannan ya zama doka ga kowa ba. Mutumin da tun yana yaro ake buge masa hannu in ya miƙa hagu, ba ƙaramin abu ba ne a sake ce masa ya koma dama. Muka yi yarjejeniya ya gwada wata uku, in bai ji daɗi ba mu mayar masa da kasonsa. Wata uku suka wuce bai tayar da maganar ba, kuma a yau ya fi mu saurin sauya yatsu, ko da yake har yanzu yana cewa bugun hannun damansa a takure yake, kuma in ya tara nasa kuɗin ta hagu zai nema.

Hunturu ya zo ya koya mana sauran. Iskar ta bushe, katakon wuya ya ɗan tsuke, bakin ƙarafan gaɓa ya fito yana kartar tafin hannu, tsirkiya ta biyu ta fara ziza. Muka kai wa Baba a tsorace. Ya sassauta sandar cikin wuya da kwatan zagaye, ya goge bakin ƙarafan da 'yar zarto mai laushi, ya ce da damina ta faɗi za mu sake dawowa a ɗaure. Ya gargaɗe mu kada a bar ta a rana ko a cikin mota a rufe, kuma a riƙa goge tsirkiyoyi da tsumma bayan kowane atisaye, don gumi da ƙura ke cinye su. Muna sa masu lamba 9, su ne masu laushi. Siririyar ta ƙasa ita ta fi tsinkewa, shi ya sa muke sayen ta ɗai-ɗai mu ajiye, tunda ba kullum ake samun ta a kusa ba.

Yanzu kwana bibbiyu take yi a hannun kowa, ranar Lahadi kuma mu haɗu a shagon tela bayan ya rufe. Wanda tsirkiya ta tsinke a hannunsa shi ke biya. Mahaifiyar telan, wadda da farko ta ce ba za a mayar mata da ɗa maroƙi ba, har yanzu ba ta ce ta yarda ba, amma ta daina tambayar mene ne a cikin baƙar jakar. Mun fara karo-karo na biyu, kuma gardamar da ke gabanmu ita ce ko ta hagu za a fara saya ko babbar amfilifaya.